Motar lantarki a gidan haya: yadda za ka san wutar da take sha da lafiyar batirinta ba tare da bayananka sun bar gida ba

Wani Alhaji daga unguwar Aboabo a Kumasi ya aiko da wannan tambaya: "Na sayi Nissan Leaf ƙirar 2016 wadda aka shigo da ita daga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Tema. A gida nake yi mata caji, kuma mita ɗaya muke amfani da ita da 'yan haya. Wani yaro ne yake tuƙa ta da rana yana ɗaukar fasinja. Ina so in san wutar da take sha da lafiyar batirinta, amma ba na so wani kamfani ya riƙa sanin inda nake zuwa. An ce mini akwai manhajar kyauta da ake sawa a gida domin wannan. Shin gaskiya ne, kuma ta ina zan fara?"

Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya sanya alheri a wannan mota. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, kuma manhajar da aka fi sani a wannan fanni ita ce Home Assistant. Sai dai kafin mu kai gare ta, ina so ka riƙe abu guda, domin a kansa sauran bayanin ya dogara: sirrin bayananka bai rataya a kan sunan manhajar da ka sa ba, ya rataya ne a kan hanyar da bayanan suka bi kafin su iso gare ta. Hanyoyin kuwa uku ne, wato bangon da kake jona caja, da kafar gwaji da ke ƙarƙashin sitiyari, da rumbun kwamfutocin kamfanin mota a intanet. Biyun farko suna hannunka, ta ukun kuma tana hannun wani.

Damuwarka ba zargi ba ne marar tushe. A watan Satumba na 2023 gidauniyar Mozilla ta binciki ƙa'idojin sirri na kamfanonin mota 25, kuma babu ko ɗaya da ya tsallake. A watan Maris na 2024 jaridar New York Times ta bayyana cewa bayanan tuƙin masu motocin General Motors suna isa ga dillalan bayanai irin su LexisNexis, daga nan kuma zuwa kamfanonin inshora, har kuɗin inshorar wasu ya tashi ba su san dalili ba. A ƙarshen shekarar 2024 kuma mujallar Der Spiegel ta Jamus ta ba da labarin cewa bayanan motocin lantarki kusan 800,000 na rukunin Volkswagen sun zauna a buɗe a intanet, kuma da yawa daga cikinsu har da wuraren da suke kwana. Wanda ya san inda motarka take kwana, da masallacin da take tsayawa ranar Juma'a, da lokacin da take barin gida kullum, ya san rabin rayuwarka.

Home Assistant manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, ma'ana rubutunta a fili yake, kowane masani yana iya karanta shi ya ga abin da take yi da abin da take aikawa waje. Paulus Schoutsen ne ya fara ta a 2013, kuma tun 2024 tana ƙarƙashin wata gidauniya mai suna Open Home Foundation, wadda ba ta neman riba. An gina ta ne domin sarrafa fitilu da fankoki da makullan gida, amma a wurinta mota ma wata na'ura ce mai aiko da alƙaluma. Ana ɗora ta a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ko akwatin Home Assistant Green da ake sayarwa a shirye, ko wata tsohuwar kwamfuta da ba a amfani da ita. A nan Ghana ni tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka na fi ba da shawara a kai, muddin batirinta yana riƙe wuta, saboda dalili mai sauƙi: idan aka ɗauke wuta ba ta mutuwa farat ɗaya. Raspberry Pi mai aiki da katin memori yana iya lalata katin idan wuta ta katse a daidai lokacin da yake rubutu, kuma duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ya san cewa wannan ba abu ne na jefi-jefi ba. In ka zaɓi Raspberry Pi, ka haɗa shi da rautar gida a kan ɗan batirin ajiya.

Daga bango za ka fara, kuma a nan zan fi daɗewa, domin nan ne maganar 'yan haya take. Ana ɗaura wata ƙaramar mita a kan wayar da ke kai wuta ga caja kaɗai. Irin su Shelly EM suna zuwa da wani zobe da ake rungume waya da shi ba tare da an yanke ta ba, suna auna ƙarfin wuta da adadin da aka ja, su aika wa Home Assistant ta Wi-Fi na gida kai tsaye. A cikin saitinsu akwai wurin kashe haɗi da rumbun kamfanin da ya ƙera su, kuma idan ka kashe, aikinsu da Home Assistant ba ya raguwa da komai. Mai son haɗa tasa yana iya amfani da guntun ESP32 da manhajar ESPHome, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce. Home Assistant tana da shafin lissafin makamashi tun 2021, inda za ka shigar da farashin yunit ɗaya na wuta, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, ta riƙa nuna maka sidi nawa mota ta ci a yini da a wata.

Bari in yi maka lissafi a matsayin misali, kai kuma ka musanya shi da alƙaluman da mitarka za ta ba ka. Leaf tana cin kimanin yunit 15 a kilomita 100, ya danganta da na'urar sanyaya mota da cunkoson hanya. Ba duk wutar da ta fita daga bango ce take shiga batir ba, domin wani kaso yana tafiya a zafi, saboda haka a ce yunit 17 zuwa 18. Idan yaron yana yin kilomita 100 a yini, kwana 26 a wata, mota kaɗai za ta sha kusan yunit 450. Ga inda matsalar take: farashin wutar gidaje da hukumar PURC take yankewa hawa-hawa ne, yunit yana ƙara tsada idan amfanin wata ya yi yawa. Wato ko da ka biya kuɗin yunit 450 ɗinka cif-cif bisa matsakaicin farashi, motarka ta riga ta tura mitar gidan gaba ɗaya zuwa matakin da ya fi tsada, kuma matar da ke ɗakin baya da fanka ɗaya da firij tana biyan wani ɓangare na wannan ƙari ba ta sani ba. Adalci shi ne a lissafa yunit ɗin mota da farashin mataki na sama, sannan a nuna wa 'yan haya alƙaluman a ƙarshen wata kowa ya gani da idonsa. Abin da ya fi wannan kuma shi ne ka nemi mita ta daban daga ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki, domin mota. Na ga zumuncin shekaru ya lalace a gidajen zango a kan kuɗin wuta, kuma mafi yawa ba don wani ya yi ha'inci ba, sai don babu wanda yake da hujja a hannu.

Akwai maganar tsaro da ba zan tsallake ba. Wutar Ghana bolt 230 ce, ta Amurka kuma a soket ɗin gida 120 ce, kuma igiyar cajin da take zuwa da tsofaffin Leaf na Amurka ta 120 ce kawai. Jona ta a nan yana ƙona ta. Soket ɗinmu mai ƙafa uku an yi shi ne don amp 13, kuma caja mai jan amp 10 tana ba da kilowat 2.3, wanda ke nufin kusan awa 8 kafin ta mayar da yunit 18. Awa 8 ana jan wuta ba hutu yana gasa soket mai sako-sako da siririyar waya. Ka nemi ma'aikacin wuta mai lasisin Hukumar Makamashi, kamar yadda dokar haɗa wayoyi ta 2011 ta tanada, ya ja wa caja layinta daga allon rarraba wuta, da bireka tata, da na'urar katse wuta idan ta zurara, da wayar ƙasa ta gaske. Kada a sa ƙananan soket masu Wi-Fi na kasuwa a wannan layi ko da an rubuta amp 16 a jikinsu.

Mitar bango ba ta san komai game da batir ba, sai abin da ya wuce ta cikinta. Domin jin ta bakin mota sai a koma ga kafar OBD-II, mai haƙora 16, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, ita ce dai wadda masu gyara a Suame Magazine suke jona na'urar gwajinsu a ciki. Ta nan ake sauraron hirar da kwamfutocin mota suke yi da juna. Leaf ta fi yawancin motocin lantarki sauƙi a wannan fanni, domin tun fitowarta a Disamba 2010 masu ita suke tona harshenta, har aka san ma'anar saƙonninta da yawa. Za ka iya ganin yawan cajin da ya rage, da zafin batir, da ƙarfin kowane ɗaya daga cikin rukunonin ƙwayoyi 96 da batirin ya ƙunsa, da kuma adadin da ya fi kowane muhimmanci, wato kason ƙarfin ajiyar da ya rage idan aka gwada da lokacin da batir yake sabo. Allon mota yana nuna wannan da sanduna 12, amma sanda ta farko ba ta faɗuwa sai batir ya rasa kusan kashi 15 cikin 100, saboda haka mota mai cikakkun sanduna tana iya kasancewa a bakin faɗuwa. Kafar gwaji tana ba ka ainihin lambar.

Dalilin da ya sa na damu da wannan lamba a kan motarka musamman shi ne batirin Leaf ba shi da tsarin sanyaya kansa da ruwa ko fanka, iska ce kawai take ratsa jikinsa, kuma zafi shi ne babban abin da ke tsufar da batirin lithiyom. Motar da ta wuni a rana tsakanin Kejetia da Tafo da Ejisu, ta dawo da batir mai zafi, aka jona ta nan take, aka cika ta kashi 100 ta kwana a haka, tana tsufa da sauri fiye da wadda aka bari ta huce. Ƙirar 2016 iri biyu ce, mai batirin yunit 24 da mai yunit 30. Idan taka mai 30 ce, ka sani Nissan ta fitar da gyaran manhajar batir a 2018 saboda wasunsu suna nuna raguwar ƙarfi fiye da gaskiya, don haka yana da kyau a duba ko an yi wa taka. Lamba ɗaya ta yau ba ta faɗin abu mai yawa. Jerin lambobin wata shida a jere shi ne yake nuna maka ko batir yana sauka a hankali ko yana gangarowa, ko kuma wata ƙwaya guda ce take ja da baya tana bar wa sauran nauyi.

Hanya mafi araha ita ce ɗan abin jonawa irin ELM327 mai bulutut da manhajar waya LeafSpy. Ita LeafSpy ba buɗaɗɗiya ba ce, amma tana karantawa ne daga mota zuwa wayarka kai tsaye, kuma nau'inta na kuɗi yana iya tura alƙaluman zuwa adireshin da ka zaɓa, ciki har da kwamfutarka ta gida. Sai na'urar WiCAN, wadda take zama a kafar gwaji, idan mota ta shigo gida ta kama Wi-Fi ta aika abin da ta karanta ta hanyar MQTT, wata ƙa'idar aika gajerun saƙonni tsakanin na'urori. Manhajar Mosquitto da ake ɗorawa cikin Home Assistant ita take karɓar saƙonnin. Kafin ka saya ka tabbatar ƙirar motarka tana cikin jerin waɗanda take ganewa. Sai kuma OVMS, wanda shi ne ya fi cika, buɗaɗɗe ne ta fuskar na'ura da manhaja, ya daɗe da sanin Leaf, yana da GPS da wurin sa layin waya, kuma ana iya saita shi ya aika wa kwamfutarka maimakon rumbunan jama'a da yake zuwa da su. A ra'ayina, ga mai tambaya irin taka, wadda take magana a gida kaɗai, irin WiCAN, ta fi dacewa, domin bayanin da ba a tara ba babu mai iya sace shi. Ko wanne ka ɗauka, ka kula da abu biyu. Kafar gwaji tana da wuta ko mota a kashe take, don haka na'urar da ba ta iya barci tana iya tsotse ƙaramin batir mai bolt 12, kuma idan shi ya mutu mota ba za ta tashi ba ko da babban batir a cike yake. Sannan layin da kwamfutocin mota suke hira a kai ba ya tambayar wanda yake magana, don haka abin jonawa mai bulutut da lambar sirri 1234 ƙofa ce a buɗe. A cire shi idan an gama, kuma a tsaya ga karatu kawai, kada a aika wa mota umarni.

Hanya ta uku, wato ta kamfani, ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. Akwai haɗe-haɗen Home Assistant da suke shiga asusunka na kamfanin mota su kwafo bayanai, kamar yadda TeslaMate take yi wa masu Tesla. Suna da amfani, amma kwafi ne kake samu, asalin yana can. Kuma ƙofar ba taka ba ce: a Oktoba 2023 Mazda ta sa aka cire haɗin motocinta daga Home Assistant, a Agusta 2024 kuma Nissan ta daina hidimar manhajarta ga tsofaffin Leaf a Birtaniya saboda za a rufe layin 2G. Game da taka motar, tsofaffin Leaf na Amurka sun dogara ne da layin 2G ko 3G na kamfanin AT&T, an rufe na farko a farkon 2017, na biyu a 2022, saboda haka da wuya a ce tana aika wa kowa komai daga Kumasi. Wanda zai sayi sabuwar mota mai layin waya a ciki, irin waɗanda ake shigowa da su daga China yanzu, shi ya kamata ya gane cewa sa Home Assistant a gida ba ya rufe bakin motar, sai ya shiga saitinta ya kashe abin da za a iya kashewa. Haka kuma idan yaronka yana samun fasinja ta manhajar waya, wannan wayar tana faɗin inda mota take a duk tsawon aikinsa, kuma babu abin da za ka sa a gida da zai canza hakan.

Idan bayanan sun taru a gida, saura tsare su. Kada ka bari wani ya buɗe maka ƙofa a rauta domin ka riƙa leƙa gida daga kasuwa. A layukan MTN ko Telecel na waya ma yawanci hakan ba ya yiwuwa, domin mutane da yawa ne suke raba adireshi ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce ɓoyayyen rami irin na manhajar Tailscale, ko hidimar kuɗi ta Nabu Casa, kamfanin da ke ɗaukar nauyin masu rubuta Home Assistant. Dukansu suna bi ta kwamfutocin wani wajen haɗa ka da gida, amma abin da ke wucewa a kulle yake. In kuwa ba ka buƙatar gani daga nesa, ka bar ta a gida kawai, shi ya fi. Ka sa kalmar sirri mai tsawo da tabbaci na biyu, kada kuma kwamfutar ta zauna a kan Wi-Fi ɗin da ka ba dukan gida kalmarsa. Home Assistant tana riƙe cikakken tarihi na kwana 10 ne idan ba a canza ba, sannan ta ajiye taƙaitaccen lissafin awa-awa na dindindin ga abubuwa kamar yunit da zafi, kuma wannan tsari ya yi daidai da buƙatarka. Idan ka sa GPS, ka cire shi daga cikin abubuwan da ake rubutawa, ya zama ana ganin inda mota take yanzu amma ba a tara inda ta je jiya.

Wannan ya kawo ni ga yaron da yake tuƙa maka. Kai da ba ka so kamfani ya bi sawunka, shi ma yana da irin wannan haƙƙi a kanka. Dokar kare bayanan mutane ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta gina ne a kan a sanar da mutum abin da ake tarawa a kansa da dalilin tarawa, kuma kada a tara fiye da buƙata. Tun da mota tana aikin kuɗi ne, ba za a ce harkar cikin gida ce zalla ba. Kafin doka ma, aya ta 12 a suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane a ɓoye. Kilomitocin da aka yi a yini da yunit ɗin da aka sha sun ishe ka lissafin ciniki, ba sai ka san ƙofar da ya tsaya ba. Ka zaunar da shi ka nuna masa allon, ka gaya masa abin da kake gani da abin da ba ka gani, domin shi ne zai fi kowa amfana da sanin zafin batir.

Bayan wata guda kana kallo kawai, sai ka fara sa ta yi maka aiki. Leaf na Amurka sun rasa zaɓin tsayawa a kashi 80 tun daga ƙirar 2014, amma da caja mai karɓar umarni a cikin gida, irin OpenEVSE ko wadda take jin ƙa'idar OCPP, Home Assistant za ta iya jinkirta caji zuwa tsakar dare bayan batir ya huce, ta tsayar da shi a kashi 80 a ranakun da mota ba za ta yi nisa ba, ta dakata idan wutar unguwa ta yi rauni da magariba, ta kuma aiko maka saƙo idan wuta ta ɗauke cikin dare domin ka san halin da mota za ta wayi gari. In kana da sola a rufi, manhajar evcc tana daidaita caji da abin da rana take bayarwa. Ka kunna ajiyar kwafi ta atomatik, wadda tun farkon 2025 take fita a kulle da mabuɗi, ka riƙa sauke ta a wani abin ajiya na daban, ka rubuta mabuɗin a takarda ka adana. Ranar da za ka sayar da motar, ka buga wa mai saye tarihin lafiyar batir wata bayan wata, ka cire na'urarka daga kafar gwaji, sannan ka goge adireshin gida da lambobin waya da suka rage a allon motar kafin ka miƙa makulli.